Eugène Atget, mai hoton ƴan talla na birnin Paris

Jama'a, yau za mu kawo muku tarihin wani Bafaranshe da ya rasu tun 1927, wanda ƴan kasuwa ya kamata su san shi, domin tun da wuri ya ga darajar mai talla har ya ɗauke shi hoto kamar wani babban mutum. Sunansa Eugène Atget, ana faɗinsa Atje.

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1857 a Libourne, kusa da Bordo. Yana ƙarami iyayensa suka rasu, kakanninsa suka riƙe shi. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi wasan kwaikwayo gari-gari har ciwon maƙogwaro ya hana shi, ya gwada zane bai ci nasara ba. Sai da ya wuce shekara 30 sannan ya kama sana'ar hoto.

A lokacin ana ta rushe tsofaffin unguwannin Paris. Atje yakan fita da sassafe, ya saɓa babbar kamararsa ta katako da farantan gilashi masu nauyi, ya bi lungu-lungu da ƙafa. Wajen 1899 ya dinga tsayar da masu ƙananan sana'o'i yana ɗaukar su: mai sayar da kwanduna, mai laima, mai kai burodi, mai furanni, da masu tsintar tsumma a juji. Kowa da kayansa, tsaye a inda yake neman abincinsa.

Shi ma kansa ɗan talla ne. Yakan kai hotunan ga masu zane da gidajen ajiyar littattafai da na kayan tarihi, ya sayar da arha. A 1920 ya sayar wa gwamnati faranti sama da 2.600 a kan faran 10.000. Abokiyar zamansa Valentine ta rasu a 1926, shi kuma ya bi ta ranar 4 ga Agusta 1927, ba dukiya, ba suna.

Wata Ba'amurkiya mai hoto, Berenice Abbott, ita ta ceci sauran aikin. Ta ɗauke shi hoto jim kaɗan kafin rasuwarsa, ta sayi abin da ya rage, ta yi shekara 40 tana tallata shi, har gidan zane-zanen zamani na New York ya karɓa a 1968. Kafin nan, a 1964, Harold Becker ya shirya ɗan gajeren fim a kansa, wanda aka gina da hotunan nasa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, titunan nan da yawa sun canja, sana'o'in sun mutu, sunayen masu su sun ɓace, amma fuskokinsu na nan. Mu da muke wuni a rumfa, mu tuna da ɗaukar hoton uwa a kan tirenta da tsoho a bakin shagonsa, mu adana, don jikoki su ga da me aka ciyar da su.