Florence Ballard, Yarinyar Da Ta Raɗa Wa Supremes Suna

Yau labarinmu daga Amurka ya fito, kuma na wata mawaƙiya ce baƙar fata mai suna Florence Ballard, wadda ta riga mu gidan gaskiya tun 1976 tana da shekara 32 kacal.

An haife ta ran 30 ga watan Yuni 1943 a Detroit, garin da ake ƙera motoci. Gidansu gidan 'ya'ya da yawa ne, mahaifinta kuwa ma'aikaci ne a kamfanin General Motors. Sun zauna a rukunin gidajen gwamnati na talakawa da ake kira Brewster-Douglass. Tun tana ƙarama aka san ta da murya mai ƙarfi, irin wadda ke cika ɗaki ba da lasifika ba. A 1959, shekarar da mahaifinta ya rasu, wani mai shirya mawaƙa, Milton Jenkins, ya nemi ta tara 'yan mata su yi ƙungiya. Ita ta kawo ƙawarta Mary Wilson, sannan Diana Ross da Betty McGlown suka shigo. Aka sa musu suna Primettes.

Da suka je wurin Berry Gordy, mai kamfanin buga faifai na Motown, sai ya ce su koma su gama makaranta tukuna. A nan kam, ni da alli ne abincina, ban ga laifinsa ba. Amma 'yan matan ba su ji ba. Kullum aka tashi makaranta sai su zarce kamfanin, su zauna, in an bukaci masu tafi ko masu amshi su yi. Cikin wannan tsakani, a 1960, wani saurayi da ya ce zai rage mata hanya bayan an tashi daga wurin rawa ya ci mutuncin Florence da ƙarfin tsiya. Ta daɗe a ɗaka ba ta fita, karatun ma bai ƙarasu ba. Mary Wilson ta rubuta daga baya cewa tun ranar ƙawarta ba ta sāke komawa yadda take ba.

Ran 15 ga watan Janairu 1961 Motown ta ɗauke su, bisa sharaɗin su sake suna. Aka miƙa wa Florence takarda mai jerin sunaye, ta zaɓi Supremes, wato mafifita. Sauran ba su so shi ba, amma shi ya zauna. A lokacin Barbara Martin ce ta huɗunsu, ta maye gurbin Betty.

To, kafin mu ci gaba, bari in yi muku bayanin yadda ake auna waƙa a can. Akwai wata mujalla, Billboard, wadda tun 1958 take fitar da jerin waƙoƙi 100 kowane mako, a wancan zamanin bisa yawan faifan da aka sayar da kuma yawan sa waƙar a gidajen rediyo. Kamar dai sakamakon jarrabawa ne da ake mannawa a bango, sai dai wannan duk mako ake sake shi. Wanda bai shiga ɗarin nan ba, kamar bai zauna jarrabawar ba ne.

Faifansu na farko da sabon suna, I Want a Guy, ya fito a watan Maris 1961, Diana ce ta ja waƙar. Ko na ɗari bai zo ba. A watan Yuli aka fitar da na biyu, Buttered Popcorn, wato gugguru mai man shanu, wanda Florence ta ja. Shi ma bai shiga ba, kuma daga shi ba a sake fitar da ƙaramin faifan Supremes da ita kaɗai ke jan waƙa ba. Abin da ya ƙara musu zafi shi ne, a watan Agusta na shekarar wasu 'yan makaranta daga Inkster, Marvelettes, suka fitar da nasu faifan na farko a wannan kamfani, Please Mr. Postman, kuma kafin ƙarshen Disamba ya zama na ɗaya a ƙasa duka. Su da suka riga zuwa, sai ga su a baya. Har Florence ta bi Marvelettes yawon wasa a 1962, tana riƙe wa ɗayarsu da ta tafi haihuwa.

A 1962 suka leƙa jerin da ƙyar, na 95. Barbara ta bar su, suka rage uku. A kamfanin ana yi musu ba'a, ana kiransu mafifitan da ba su taɓa cin kasuwa ba. Sai ƙarshen 1963 suka kai na 23. Daga nan Gordy ya yanke cewa Diana ce za ta riƙa jan waƙa, domin a ganinsa siririyar muryarta ta fi shiga kunnen Turawa masu sayen faifai. Ta fuskar ciniki bai yi kuskure ba. A watan Agusta 1964 Where Did Our Love Go ta zama ta ɗaya, wasu huɗu suka biyo ta a jere, har Baby Love ta yi ta ɗaya a Ingila ma. Waƙoƙi goma da suka kai na ɗaya akwai muryar Florence a ciki, amma duka a amshi.

Wadda ta tara ƙungiya, ta raɗa mata suna, ta koma 'yar amshi. Abin ya ci ta. Ta shiga shan barasa, tana faɗa da Gordy, wani lokaci ba ta zuwa wurin wasa. Ba zan ce ba ta da nata laifin ba. A watan Yuli 1967, suna wasa a Las Vegas, aka sallame ta, aka sa Cindy Birdsong, aka kuma sa sunan Diana Ross a gaban na ƙungiyar.

Takardar sallamar da ta sa wa hannu ta hana ta amfani da sunan Supremes wajen tallan kanta, ta kuma yafe duk wani kuɗin faifai na gaba. Abin da aka ba ta bai kai dala 200,000 ba, shi ma lauyanta ya cinye mafi yawansa. Ta yi aure a watan Fabrairu 1968, ta haifi tagwaye mata a shekarar, daga baya ta ƙara ɗaya. Faifai biyu da ta yi ita kaɗai a kamfanin ABC ba su yi kasuwa ba. Ta kai Motown ƙara a 1971, ba ta yi nasara ba. Gida ya tafi, ita da mijin suka rabu, ta koma karɓar taimakon gwamnati don ciyar da 'ya'ya uku.

A 1975 al'amura suka soma gyaruwa. Ta sami diyya kan abin da lauyan ya yi mata, ta sayi gida, suka shirya da mijinta, har ta hau dandali a Detroit a watan Yuni jama'a suka tashi tsaye suna tafi. Wata takwas bayan haka, ran 22 ga Fabrairu 1976, jini ya daskare a jijiyar zuciyarta, ta cika a asibiti. Mahaifin Aretha Franklin, limamin coci, shi ya jagoranci jana'izarta, Diana da Mary duka suna wurin. A 1988 aka shigar da Supremes zauren tunawa da manyan mawaƙan Amurka, sunan Florence na cikin ukun da aka rubuta.