Sarkin Musulmi Attahiru, Wanda Ya Ƙi Miƙa Wuya

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi ne Sarkin Musulmi na goma sha biyu. An naɗa shi cikin watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarki Abdurrahman, a lokacin da Nasara suka riga suka yi wa daular zobe. Tun cikin 1899 rundunar Faransawa ta ƙone Birnin Ƙonni, wanda ke daura da Illela ta yau, ƙasar da ƙanensa Marafa Maiturare ke tsaro daga Gwadabawa. Ta kudu kuwa Ingilishi sun ci Bida da Kwantagora da Yola, sa'an nan suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903.

Da labari ya iso Sakkwato, sai shawarar manya ta rabu uku: waɗansu suka ga a yi sulhu, waɗansu a yi yaƙi, waɗansu kuma a yi hijira. Ran 15 ga Maris aka kara a Giginya, a bayan gari. Takobi da mashi suka kasa jure wa bindiga mai ruwa, aka watse.

Waziri Buhari ya komo ya yi sulhu domin tsare addini da rayukan talakawa, Gwamna Lugga kuma ya naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba. Amma Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki tuta ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Duk inda ya ratsa sai jama'a su bar gonaki da gidaje su bi shi, abin da ya tayar wa Turawa hankali ƙwarai.

A Burmi, cikin ƙasar Gombe, mutanen garin suka kori Turawa a watan Mayu. Suka sake shiri suka komo ran 27 ga Yuli, 1903. A nan Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, shugaban rundunar Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, inda zuriyarsu ke zaune har yau. Sarautar Attahiru ba ta kai shekara guda ba. Allah ya jiƙansa, amin.