Sharif Al-Idrisi, Mai Zana Taswirar Duniya

An haifi Sharif Muhammadu Al-Idrisi a Sabta wajen shekarar 1100 Miladiyya, ya yi karatu a Ƙurɗuba. Sarkin Sisili, Roger na Biyu, ya gayyace shi fadarsa. Shekara 15 yana tantance labaran matafiya game da garuruwa da gaɓar teku: abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai ya karɓa, wanda suka saɓa ya watsar. A 1154 ya kammala Nuzhatul Mushtaƙ mai taswira 70, kudu a sama. Faifan azurfar da ya zana wa sarkin ya salwanta, amma kofen littafin suna nan a ɗakunan karatu na Faris da Oxford. Allah ya jiƙansa, amin.