Charles Addams: Mai zanen da iyalinsa suka ƙi mutuwa

Tun da kamfanin Netflix ya saki shirin Wednesday a watan Nuwamba na 2022, yarinyar nan mai kitso biyu da baƙaƙen tufafi, wadda murmushi ke yi wa wuya, ta shiga gidaje da wayoyin jama'a a sassan duniya. Kaɗan ne daga masu kallonta suka san cewa ta girmi iyayensu, kuma mutumin da ya fara zana ta ya shekara 34 da mutuwa kafin shirin ya fito. Sunansa Charles Addams.

An haife shi ranar 7 ga Janairu, 1912, a garin Westfield da ke jihar New Jersey ta Amurka. Shi kaɗai ne ɗan iyayensa, kuma gidansu na rufin asiri ne, domin mahaifinsa babban ma'aikaci ne a wani kamfanin kayan kiɗa na fiyano. Babu wani baƙin ciki a ƙuruciyarsa da za a ɗora wa alhakin abin da ya riƙa zanawa daga baya. Shi dai yaro ne da ke son yawo a maƙabartar garinsu, yana kuma leƙa tsofaffin gidaje masu hasumiya da jama'a suka ƙaurace wa. Ya taɓa karatu a jami'ar Colgate da ta Pennsylvania, bai daɗe a ko ɗaya ba, sannan ya koma makarantar koyon zane a birnin New York.

Ya fara cin abinci da sana'arsa a wata mujallar labaran masu aikata laifi mai suna True Detective, inda yake gyara hotunan gawarwaki, yana goge jini domin su kallu. A 1932 mujallar The New Yorker ta buga zanensa na farko, kuma da ita ya zauna har ƙarshen ransa, sama da shekara hamsin. Zanen barkwancin da ya yi a rayuwarsa ya haura 1,300. Wanda ya fara fito da sunansa sosai shi ne na 1940: sawun mai zamiya a kan ƙanƙara ya nufi wata bishiya, ƙafa ɗaya ta bi ta dama, ɗaya ta bi ta hagu, mutumin kuma ya wuce abinsa lafiya lau. Babu ko kalma ɗaya a ƙarƙashin zanen.

Iyalin da suka ɗauki sunansa sun fara bayyana ne a 1938. A zanen farko, wani ɗan talla ya shiga wani rusasshen gida mai cike da yana da ƙura yana gwada na'urar zuƙe ƙura, wata doguwar mace siririya cikin baƙar riga tana kallonsa, wani ƙato na tsaye a gefenta. Sannu a hankali miji ya zo, yara biyu suka zo, kaka da kawu suka biyo baya. A 1946 ya zana su a saman rufin gidansu suna shirin kwarara tafasasshen mai a kan masu waƙoƙin Kirsimeti da suka tsaya a ƙofa. Dabarar tasa ita ce juya komai a baibai: abin da ke tsorata mutane shi ke faranta wa waɗannan rai, rana mai haske kuwa ɓata musu rai take yi. Amma duk wanda ya lura zai ga cewa gida ne mai zaman lafiya. Miji na ƙaunar matarsa, iyaye na ji da 'ya'yansu, ba a kai tsofaffi wani wuri an yasar ba. Maƙwabtansu masu kamala a ido su ne sau da yawa ake yi wa dariya.

Abin mamaki, fiye da shekara ashirin waɗannan mutane ba su da suna a shafin mujallar. Sai da wani mai shirya wasannin talabijin, David Levy, ya nemi mayar da su wasan kwaikwayo, sannan Addams ya zauna ya tabbatar musu da sunaye, ya kuma rubuta halin kowannensu: Morticia uwar gida, Gomez maigida, Wednesday da Pugsley 'ya'yansu. Tashar ABC ta fara nuna The Addams Family ranar 18 ga Satumba, 1964, John Astin da Carolyn Jones suka fito a matsayin miji da mata, da taken nan da ake ƙyasta yatsu a cikinsa. Kwana shida bayan haka tashar CBS ta fito da kishiyarsa, The Munsters, shi ma labarin iyalin dodanni ne. Dukansu biyu suka tsaya a 1966. Na Addams ya tsaya a kashi 64, duk cikin hoto baƙi da fari.

Shiga talabijin ta zo masa da asara. Editan The New Yorker na lokacin, William Shawn, ya ga bai dace da martabar mujallarsa ta riƙa buga 'yan wasan talabijin ba, sai ya hana iyalin fitowa a shafukanta. Addams ya ci gaba da yi mata wasu zane-zanen, amma ƙofa ba ta sake buɗe wa iyalin ba sai bayan Shawn ya bar kujerarsa a 1987, saura shekara guda mai zanen ya mutu.

Asara ta biyu daga cikin gida ta fito. Ya yi aure sau uku, bai haihu ba. Aurensa na farko ya mutu a 1951, kuma marubuta tarihinsa sun danganta rabuwar da ƙin yardarsa su ɗauki ɗan riƙo. Matarsa ta biyu, wadda ya aura a 1954, lauya ce. Zamansu bai wuce shekara biyu ba, amma takardun da ya sa wa hannu sun bar babban kaso na haƙƙin mallakar iyalin Addams a talabijin da fim a hannunta, ta kuma riƙe shi shekaru da dama bayan rabuwarsu. Mutumin da ke iya hango abin dariya a cikin kowane kabari bai hango abin da ke cikin takardar yarjejeniya ba.

Jama'a sun so ya zama mahaukaci, har aka riƙa yaɗa cewa ana kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali lokaci zuwa lokaci. Ba gaskiya ba ne. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da ladabi da sanyin murya da iya sa tufafi, ga son tsofaffin motocin tsere. Sai dai shi ma bai ƙi a ji tsoronsa kaɗan ba. Ya tara sulke da bakunan yaƙi na zamanin da a gidansa, ya mayar da dutsen kabarin wata yarinya teburin falo, kuma aurensa na uku, a 1980, a maƙabartar dabbobin gida aka ɗaura shi, amarya sanye da baƙaƙen kaya.

Ranar 29 ga Satumba, 1988, ciwon zuciya ya kama shi a cikin motarsa jim kaɗan bayan ya ajiye ta a birnin New York. Ya mutu yana da shekara 76. An ƙone gawarsa, aka binne tokar a maƙabartar dabbobi da ke gidansa na Long Island, wanda yake kira fadama.

Bai ga fim ɗin 1991 ba, wanda Raul Julia da Anjelica Huston suka fito a cikinsa, ya kuma dawo da iyalin idon duniya, haka nan bai ga wasan dandamali na Broadway da aka buɗe a 2010 ba. A shirin Netflix, wanda Tim Burton ya ba da umarnin kashi huɗu na farkonsa aka kuma ɗauka a ƙasar Romaniya, an ciro Wednesday daga gida an kai ta makarantar kwana, Jenna Ortega ce ta hau matsayin. Christina Ricci, wadda ta yi Wednesday tana ƙaramar yarinya a 1991, ta dawo a cikinsa a matsayin malamar makarantar. Zango na biyu ya fito a 2025.