Sarauniya Mangu ta Lugu

Duk lokacin da aka yi maganar jarumtakar mata a ƙasar Hausa, sunan Amina ta Zazzau ne ke fara zuwa bakin ɗalibai. Amma akwai wata da ta yi gaba da gaba da bindigar Turawa, wato Sarauniya Mangu.

Garinta shi ne Lugu, kusa da Dogondutsi a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar. Mutanenta Azna ne, Hausawa masu bin addinin gargajiya. Kalmar "sarauniya" a wurinsu ba ta nufin matar sarki. Muƙami ne da mace ke riƙewa a matsayin shugabar tsafi, kuma ana jin maganarta a sha'anin gari.

A farkon shekarar 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi. Duk inda ta bi sai ƙone-ƙone da kisa da kwasar hatsi. Garuruwa da dama sun watse tun kafin isowarta. Mangu ta ƙi miƙa wuya. Ranar 16 ga Afrilu aka gwabza a Lugu, maharba da kwari da baka a gefe guda, bindigogi a ɗaya gefen. Da wuta ta yi zafi sai mutanenta suka janye cikin kurmi mai sarƙaƙiya, suna harbi daga ɓoye. Turawa sun ci garin, amma sun ƙona harsashi wajen 7,000, an kashe musu soja 4, an raunata 6, kuma Sarauniyar ba ta shiga hannunsu ba. A ganina wannan kuɓuta ita ce babbar nasararta. Mu a nan Gombe mun san yadda aka ƙare a Bormi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a fagen daga.

Rundunar ta wuce ta yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni. A watan Yuli na wannan shekara Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya binciki ta'asarsu, bayan 'yan kwanaki kuma sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Mutane da yawa sun danganta wannan da asirin Mangu.

Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.