Werner Forssmann, likitan da ya zura tiyo cikin zuciyarsa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwannin Kona, Tasawa da Mayahi, yau tarihin wani likita Bajamushe muka kawo muku, wanda ya buɗe hanyar da ake bi ana duba zuciyar mutum ba tare da an tsaga ƙirji ba.

An haifi Werner Forssmann a birnin Balin na Jamus a shekara ta 1904. Yana yaro mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1929 ya kama aiki a asibitin wani gari mai suna Eberswalde. A wancan zamani likitoci sun ɗauka duk abin da ya taɓa cikin zuciya, mutuwa ce. Shi kuwa ya karanta cewa wasu masana a Faransa sun zura tiyo cikin zuciyar doki, dokin bai mutu ba. Ya nemi izinin gwadawa, maigidansa ya hana.

Wata ma'aikaciyar jinya, Gerda Ditzen, ta yarda a gwada a jikinta. Sai ya ɗaure ta a gadon aiki kamar da gaske, ya juya ya yi wa kansa allurar kashe zafi a gwiwar hannu, ya zura siririn tiyo cikin jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Da ƙafarsa ya taka zuwa ɗakin hoto, ya ƙara tura tiyon ya wuce santimita 60, hoto ya nuna bakinsa cikin zuciya.

Maimakon yabo, sai kora daga babban asibitin Charité na Balin. Ya koma aikin ƙoda da mafitsara. Tarihinsa da tabo: ya shiga jam'iyyar Hitila a 1932, ya yi aikin likitan soja, Amurkawa suka kama shi. Bayan yaƙi har saran itace ya yi. Sai a 1956 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards, waɗanda suka ɗora a kan aikinsa a Amurka. Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa a 1979.

Hanyar tasa ba ta tsaya nan ba. A 1989 wani likita a Kanada, Lucien Campeau, ya nuna ana iya bi ta jijiyar wuyan hannu, wadda ake taɓawa a ji bugun zuciya. Sai dai jijiyar siririya ce, wani lokaci takan tsuke ta riƙe tiyon, hannu ya yi zafi. An fi ganin haka ga mata, da masu ƙaramin jiki, da wanda aka soka sau da yawa ko aka sa masa tiyo mai kauri. Tsoro da zafi ma suna ƙara tsuke ta.

Abin da magani. Likitoci kan ba da maganin kwantar da hankali, su zuba nitrogilisarin ko berapamil cikin jijiyar don ta saki, su zaɓi tiyo siriri mai santsi. In ta ƙi, a koma ɗaya hannun ko matsematsi.

Don haka, Hajiya, in an tura ki wannan bincike, kada fargaba ta sa ki fasa. In kin ji hannu na zafi, ki faɗa nan take, kada ki yi kara. Allah ya ba mu lafiya.