Stan Laurel, siririn da ya daina wasa bayan rasuwar abokinsa

Waɗanda suka taɓa kallon Laurel da Hardy sun san su: ɗaya ƙato mai fushi, ɗaya siriri mai sosa kai yana kuka kamar yaro. Siririn shi ne Stan Laurel. Kuma duk wautar da yake yi a fim, shi ne mai tsara yawancin barkwancinsu.

An haife shi ranar 16 ga Yuni 1890 a Ulverston, a ƙasar Ingila, da sunan Arthur Stanley Jefferson. Ya je Amurka a 1910 tare da ƴan wasan Fred Karno, inda yake maye gurbin Charlie Chaplin idan bai samu fitowa ba. A 1927 ne aka haɗa shi da Oliver Hardy a kamfanin Hal Roach.

A 1932 suka fito a The Music Box, fim na kusan minti 30. Labarin bai taka kara ya karya ba: ƴan dako biyu ne za su kai piyano wani gida da ke kan tudu a Los Angeles, ta matakala sama da 130. Su hau, piyano ya gangaro, su sake hawa. Da ƙyar suka isa sama, sai mai raba wasiƙu ya ce musu ai akwai hanyar da amalanke ke bi har ƙofar gidan. Sai suka sauko da kayan ƙasa don su biyo hanyar! A cikin gida kuma piyanon ya kama kiɗa da kansa, su biyu suka shiga rawa, kafin maigidan ya farfasa shi da gatari, bai san matarsa ce ta saya masa ba.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta gajeren fim na barkwanci. Har yau masu yawon buɗe ido na zuwa ganin matakalar.

Fim ɗinsu na ƙarshe, Atoll K, a Faransa aka ɗauke shi, su biyun ba su da lafiya, kuma bai samu karɓuwa ba. Da Hardy ya rasu a 1957, Laurel ya ƙi sake fitowa a fim, duk da an yi ta nemansa. Ya zauna a wani ƙaramin gida a Santa Monica yana amsa wasiƙun masoyansa, har ya rasu ranar 23 ga Fabrairu 1965.